Yatsun Phindile

Phindile Nkambule ta daɗe tana raka baƙi hawan duwatsun Waterval Boven. Idan damina ta sauka, dutse ya yi santsi, baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ta koma lilo da yatsu a katakon barandarta, ta riƙa hawa tudu da buhun masara a baya don kada ƙarfinta ya zube.

A bana jiki ya ƙi. Gwiwar hannunta ta kumbura. Wata safiya ta kama katakon, yatsun suka saki, ta faɗo ta zauna a ƙasa, ba ta ko yunƙura ba.

Mijinta Mbongeni ya leƙo. "Maman Lindo, kullum kina lilo sai ka ce jemage. Ki huta mana."

"Baban Lindo, in na huta, hannun nan ba zai dawo ba," ta ce.

Ya zauna yana murza mata yatsun da man zafi.

Da rani ta koma bakin aiki, amma ta bar wa matasan abokan aikinta wurare masu wuya. Da yamma takan tsoma hannayenta a ruwan ɗumi, barci ya kwashe ta a zaune.