Sunan da aka raɗa ina kwance

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba, har wasu na tambayar Rukayya, matata, ko harsashin a bakina ya same ni. A cinya ya same ni, kuma yau zan faɗi yadda aka yi.

Mutanenmu na Springfield, nan Amurka, duk kun san Yaya Sagir. Ɗan aminin mahaifina ne, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, a falonsa na kwana har na samu aiki. Ban taɓa yi masa musu ba.

Shi ya ce mu je hawan duwatsun Shenandoah mu miƙe ƙafa kafin Rukayya ta sauka, lokacin cikinta ya tsufa. Dajin akwai beyar, ƙatuwar baƙar dabbar nan, don haka na sayi gwangwanin barkonon da ake fesa mata a fuska ta gudu. Da muka tsaya ya gan shi a hannuna, sai ya kwashe da dariya.

"Kabiru, turare za ka fesa mata? Ajiye a mota, kana tare da maza."

Ya ɗaga riga ya nuna min ƙaramar bindiga a ƙugunsa. Na ajiye gwangwanin. Yaya ne.

Mun ga beyar ɗin kuwa. Tana can nesa tana cin 'ya'yan itace, ta ɗago ta dube mu, ta juya za ta tafi abinta. Ina gaba, Yaya yana bayana. Sai na ji ƙara, sai na gan ni a ƙasa. Bindigar ce ta tashi a hannunsa wajen zaro ta.

Wata tsohuwa Baturiya da ke bin hanyar ce ta ɗaure min cinya da igiyar jakarta, ta kira agaji. Yaya yana tsugune yana salati.

Harsashin ya farfasa ƙashi. An yi min tiyata an sa ƙarfe, an ƙara min jini. Sai ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya hau, ƙwayar cuta ta shiga jini. Likita ya ce da ni, "Za mu yi ƙoƙari mu ceci ƙafar, amma ranka muke fara nema." Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Daga nan suka kwantar da ni da magani, injin yana yi min numfashi.

Firgici ya sa Rukayya ta haihu kafin lokaci, namiji. Ban sani ba.

Da na farfaɗo, ta kawo min shi ta ɗora a ƙirjina. Na ce wane suna aka sa?

Ta ce, "Baba ya bugo daga Kano ya ce a sa Sagir, wanda ya ceci uban. Yaya da kansa ya yi masa huɗuba, shi ya sayi rago."

Ashe 'yan sanda ya faɗa wa gaskiya, su yana tsoronsu. Mutanenmu kuwa ce musu ya yi dabbar ta danne ni, ya harbe ta don ya ƙwace ni, harsashi ɗaya ya kauce. A masallaci layi aka yi ana ba shi hannu. Mahaifiyata ta yi ta sa masa albarka a waya tana kuka.

Harbin kuskure ne, na yafe tun ina kwance a ƙasa. Amma ya riƙe ɗana a hannu, ya ji an kira sunansa, ya yi shiru. Wannan ya fi min ƙashin ciwo.

Da ya zo dubiya na ce, "Yaya, don me?" Bai kalle ni ba. Ya ce, "Maganar ce ta riga ta fita." Na faɗa wa Baba gaskiya, ya ce, "Suna ya raɗu, Kabiru. Ka rufa masa asiri." Na rufa.

Na koyi tafiya daga keken guragu zuwa sanda biyu, zuwa ɗaya. Gashin ƙashi ya sa ni kuka a gaban mai yi min shi, yarinya sa'ar ƙanwata. Inshora ta biya nata, sauran har yanzu ina biya duk wata. Ƙafar tana nan, ta ɗan gajarce, kuma tana faɗa min za a yi sanyi tun kafin masu hasashe su sani.

Abin da ya buɗe bakina shi ne sanarwar da na gani makon jiya: Yaya zai kai yaran ƙungiyarmu dajin nan, iyaye suna ta cewa ai suna hannun jarumi. Baba, ka gafarce ni, ba zan iya ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da tsohuwar nan da ban san sunanta ba, da ku da kuka yi ta kawo wa Rukayya abinci. Ita kam ba ni da bakin gode mata.

In za ku shiga daji, ku sayi barkonon nan, ku rataye shi inda hannu zai kai, ku koyi buɗe shi tun a gida. In kun ga dabbar kada ku ruga, ku ja da baya a hankali. Kada ku yi gaba mai bindiga yana bayanku. Kuma ko wa ya ce ku ajiye a mota, ku ce masa a'a cikin ladabi.

Yaron ya fara tafiya yanzu, ni da shi muna tangaɗi tare a falo. Abba nake ce masa. Baƙi suna murmushi, wai Kabiru ya zauna Amurka amma bai yar da kunyar ɗan fari ba.

Ba kunya ba ce. Bakina ne ya kasa.