Ɓerayen Farfesa Siddiƙa

Malam Nagoggo, manomin gero a Babban Mutum, ya tsufa yana yaƙi da ɓerayen rumbu. Sai Allah ya ba shi Siddiƙa, 'yar da in an aike ta ɗana tarko, sai ta ɓige da kallon yadda ɓera ke gane raminsa.

Yau farfesa ce mai binciken yadda ƙwaƙwalwa ke tuna hanya, ɗalibanta har ƙasashen waje suna koyar da abin da ta gano. Ranar da tsohon ya leƙa ɗakin bincikenta, ya tarar da fararen ɓeraye sun yi ɓulɓul, suna shan iyakwandishan.

Ya jinjina kai. "Waɗannan kam sun dace. To Siddiƙa, namu na gida fa, yaushe za ki ɗauke su aiki?"