Kawu Lawal da Lambar Amana

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Lawal labari ya san ba a ƙarasa shi lafiya. Kana cikin "Kawu, an ce..." zai ɗaga yatsa: "Dakata! Wa ya ce?" Kana faɗin sunan sai ya lumshe ido: "Ɗari da ashirin. Ci gaba, amma ba zan tashi ba."

Kun san lambobin nan, sai dai ba kowa ya san inda ya samo su ba. Wurin aikinsa ne, a Dutsin-Ma, inda yake haɗa kwamfutocin ofis da na reshensu na Kurfi. Akwai wata na'ura, rauta, mai zaɓar wa saƙo hanya. Idan aka kawo mata labarin hanya biyu, ba ta fara tambayar wacce ta fi kusa. Wanda ya kawo labarin take dubawa. Kowane da lambarsa, kuma mai ƙaramar lamba shi ake yarda da shi. Kawu ya kwaso wannan ya juye a kan jama'a.

Liman ashirin. Rediyo casa'in. Direbobin tasha ɗari da ashirin. Ni kuwa, Bilki, ɗiyar ƙanwarsa, ɗari biyu da hamsin! Laifina karatun littattafan soyayya.

Wata rana na shigo da gudu. "Kawu, akuyarka ta tsinke igiya, ta tsaya bakin ƙofa ta waiwayo, idanunta cike da..."

"Ta fita ko ba ta fita ba?"

"Ta fita!"

"Bari in ji daga bakin Sani."

Kafin a nemo Yaya Sani, babban ɗansa, akuya ta gama da waken maƙwabci. Kawu ya ba da haƙuri ya dawo. "Labarinki gaskiya ne, ɗiyar nan. Lambarki ce ba ta kai ba."

Mutum ɗaya ce ke da sifili: matarsa, Hajiya. Wai a na'ura, sifili na abin da ke haɗe da jikinta ne kai tsaye. Ran kasuwar Kurfi hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kowa na cewa, "Injiniya, ɗauki rigar ruwa." Hajiya daga ƙuryar ɗaki, ko leƙowa ba ta yi ba, ta ce, "Ba za a yi ruwa ba." Ya hau babur daga gidansa na Kurfi, ya nufi Dutsin-Ma. Tun kafin ya kai garin Birchi aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya dawo jagab, hula na ɗiga.

Na ce, "Kawu, yau dai a ƙara wa Hajiya lamba?"

"Ke! Sifili ba a taɓa shi. Ko a na'ura ba ya gyaruwa."

Ni dai na karanta kalaman masoya iri-iri, ban ga wanda ya kai wannan ba.

Sai shekarar da ofis ya ja sabuwar waya zuwa Kurfi. Aka yi biki, aka sha lemo, amma saƙo ya ci gaba da rarrafe ta tsohuwar eriya. Ashe Kawu ya taɓa rubuta wa na'urar waccan hanyar da hannunsa, kuma abin da aka rubuta da hannu lambarsa ɗaya. Shugaban ofis ya ce, "Malam Lawal, na'urarka ta lalace."

"Ranka ya daɗe, lafiyarta lau. Maganata ta fi yarda da ita."

"To ka ce mata ta daina!"

Dole ya mai da lambar hanyarsa ɗari biyu. Ya dawo gida ya ture tuwo. "Hajiya, yau na tuɓe kaina da hannuna." Da damina ta yi nisa ruwa ya tone sabuwar wayar, sai ga tsohuwar hanyarsa ta taso da kanta ta ɗauki kaya. Ranar da babbar riga ya je aiki, ya bi ofis-ofis yana tambaya, "Saƙo na tafiya kuwa?"

Mun sha dariya, amma ni lambata na ci mini rai. Na girma, na yi aure, na haihu, ban sauka ko da ɗaya ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti har ya yi tsanani, likita ya faɗa mana a waje cewa sai dai addu'a. A ɗaki kuwa kowa na cewa, "Kana samun sauƙi." Yaya Sani ya faɗa, kansa a ƙasa. Hajiya kuwa ta kau da kai tana jan carbi. Bayan la'asar Kawu ya sallami kowa ya ce in tsaya.

"Bilki, duk layukan sun faɗi. Saura ke. Me likita ya ce?"

Maganganu masu daɗi suka cika mini baki, irin waɗanda na iya. Na haɗiye su. Na ce, "Ya ce babu sauran magani, Kawu."

Ya yi ajiyar zuciya. "Madalla. To a mai da ni gida Kurfi, ɗakin Hajiya."

Na ce cikin kuka, "Ka yarda da ɗari biyu da hamsin?"

"Sakarya. Ɗari biyu da hamsin da biyar ce wadda na'ura ke zubarwa. Taki ajiya ce, don ranar da komai ya yanke." Ya ɗaga yatsan nan nasa da ƙyar. "Daga yau ɗaya ce. Kada ki roƙi sifili, da mai shi."

A Kurfi ya cika, hannunsa cikin na Hajiya.

Allah Ya jiƙan Kawu Lawal, Ya yafe masa, Ya ba Hajiya haƙuri. Ya bi da shi ta miƙaƙƙiyar hanya, wadda ba ta yankewa.