Gaba goma sha ɗaya, babu ruwa

Mai haƙar rijiyarmu ya fito daga rami ya ce in zaɓa: a ci gaba ko a cike. Mun kai gaba goma sha ɗaya, babu ruwa. Na san adadin don kullum ina rubutawa. In aka cike, maiɗakina za ta ci gaba da zuwa rafin bakin daji, inda ba na son kowa nawa ya je.

Na tura wa ƙanena da ke Kaduna hoton ramin. Ya amsa da Turanci: "Hang in there."

Na yi sakandare, amma ban yarda da kaina ba. Na kai wa maƙwabcina Baba Ishaya wayar, tsohon malamin firamare ne a nan Gayam.

Ya ce, "Cewa ya yi ka daure, kada ka karaya."

"Wato yana ganin akwai ruwa, Baba?"

"Bai san komai a kan ruwa ba. Magana ce ta wanda ke nesa, ba shi da abin taimako sai baki."

Na rubuta wannan ma.

Da safe sai ga Baba Ishaya da igiya da bokiti. Na ce da shekarunsa ai bai kamata ba. Ya ce shi yana kusa, ba shi da hujjar yin Turanci.

Yau gaba goma sha biyu da rabi. Ƙasar da muke fitarwa ta fara sanyi, ko da yake wataƙila hannuna ne.

Ku da kuka taɓa haƙa rijiya, a gaba nawa kuka ji danshi?