Randar Sumana

Sumana Harouna ya yi shekara goma sha ɗaya yana liƙin radiyatan motoci a unguwar Kirkissoye kafin ya buɗe ɗakin wasan bidiyo: ordinater, wato kwamfuta, guda, kujera biyu, benci ɗaya na masu jiran layi. A 2010, shekarar da aka sha fari kuma sojoji suka karɓi mulki, mutum tara daga ƙauyensu suka sauka gidansa. Wannan ordinater ita ke ciyar da su.

Sai sabon wasan ƙwallo ya fito, ita kuwa ta tsufa. Ni da nake taya shi aiki a ɗakin, na ƙirga da kaina: hoto goma sha tara a sakan, ƴan wasa na tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Samari suka fara tsallaka gada zuwa wani sabon ɗaki a Koira Kano. Daga mutum arba'in a yini aka koma goma sha uku.

"Ka sayar da gyatumar nan ka huta," in ji Isaka mai shayi, maƙwabcinsa.

"Motar da aka ce ta mutu nawa na tayar a gabanka? Jeka ka dafa shayinka."

Sumana ya shiga saitin cikin injin, ya ɗaga gudun furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, daga 2,4 zuwa 3,0. Memuwar ma, wato ma'ajiyarta, ya tura ta daga 667 zuwa 800, ya ƙara mata ɗan kuran, wato wutar lantarki. Hoto ya kai talatin da ɗaya! Amma watan Afrilu ne. Da ƙarfe biyu na rana furosesa ta kai digiri tamanin da takwas, allo ya ɗauke. Kwana huɗu a jere haka.

Ya koma sana'arsa ta da. Ya ƙera faranti na jan ƙarfe a kan furosesa, ya ja tiyo biyu da ƙaramin famfo zuwa cikin randa. Da yake bidon ɗaya na ruwa ma sai an yi layin awa biyu a famfon unguwa, ya shafe bayan randar da siminti don kada ko ɗigo ya tsira. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Digiri tamanin da uku, allo ya sake ɗaukewa.

Inna Hajjo, yayar babansa, tana cikin baƙin nan tara. Ta leƙo, ta shafa randar, ta yi tsaki.

"Wane marar uwa ya yi wa randa riga?"

"Ni ne, Inna. Ruwa nake tattali."

"Kai da ka sha ruwan randata har ka yi gemu! Randar da ba ta zufa ba ta sanyi. Ka toshe mata jiki, ta ina za ta huce?"

"To ruwan fa? Fari ake yi."

"Ni za ka gaya wa fari? Shanu bakwai na bari a kwance. Kawo mini buhu."

Ta sa aka kawo randar gida, tsohuwa, aka girke ta kan yashi mai laima a bakin taga. Ta naɗe ta da buhu, ta kafa doka: ruwan alwala da na ɗaurayar shinkafa, ba mai zubarwa ƙasa, a kan buhun za a juye.

Ranar Asabar, da ƙarfe biyu, zafin gari ya kai arba'in da huɗu. Samari shida suka zo gani, Isaka na tsaye da butarsa. Aka buga wasa ɗaya, biyu, biyar. Furosesa ta hau sittin da tara ta tsaya nan.

"Ai tsohuwa ce ta cece ka," in ji Isaka.

"Tsofaffi biyu," in ji Sumana, yana buga gefen injin.

Kafin ƙarshen wata mun koma mutum talatin da huɗu a yini. Ba arba'in ba, amma tukunya ta ci gaba da hawa wuta. Sumana ya so ya gwada 3,2. Inna Hajjo ta ce in ya kuskura, ya nemi tasa randar.