Turaren Masallaci da Mai Kan Giwa

Ana kiran asuba muka bar gida, ni da yayata, saura mako biyu azumi. Ita takalma suka kai ta Dubai. Ni kuwa saƙon Inna na riƙe: turaren tsinke katan biyar, za ta kai masallacin unguwa sadaka ga Babanmu da ya rasu bara. Da yana raye shi ke ƙamsasa masallacin nan duk azumi, kuma Inna ta ƙudura bana ba za a ji bambanci ba.

A unguwar Al Ras muka sauka, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bango. Zafi kamar bakin murhu. Abinci shinkafa safe, shinkafa rana, shayin madara ne kawai ya cece ni. Kwana uku yayata tana ja na shago-shago a kasuwar 'yan Sin ta International City, ta taya takalmi, ta fasa, ta dawo ta sake tayawa. Sai ranar ƙarshe ta tuna ni ma aiko ni aka yi.

Shagon turaren na wani dattijo ne Ba'indiye. Mu 'yan Kano da hanci muke sayen turare, ido a rufe. Ya kunna mini tsinke uku. Na ukun sandal ne mai sanyi, irin na Baba sak, har ƙwalla ta taru mini. Na ce katan biyar, na masallaci ne.

Ya ɗaga hannu. "Masjid? Hajiya, shwaiya, bi a hankali, duba kwalin tukuna."

"Khalas, ya isa haka!" in ji yayata daga bakin ƙofa. "Yalla, mu tafi, masu aika kaya za su rufe."

Ban duba ba. Aka naɗe katan, muka miƙa su ga masu aika kaya a unguwar Port Saeed, muka kamo hanyar gida.

Saura kwana uku azumi kayan suka iso Kano. Inna ta yanka katan da hannunta. Kowane kwali ɗauke da hoton mutum mai kan giwa, hannu huɗu, ga ɓera a gindinsa. Na kira dattijon a waya raina a ɓace. Ya ce abin bautarsu ne, shi suke roƙo ya kawar da cikas kafin su fara kowace harka, kuma ai ya ce in duba. Gaskiyar tasa ta fi komai ba ni haushi.

Kwana biyu muna zazzage tsinke daga kwali muna ɗaurewa da zare, yatsuna suka yi baƙi ƙirin. Yayata kuwa sai ga ciwon kai ya taso mata. Na kwashi kwalayen zan watsa a kwata, Inna ta hana, ta ce abin girmamawar wasu ne, a zuba a buhu a ajiye. Turaren dai ya isa masallaci ranar da aka ga wata.

Na koyi cewa in mai shago ya ce duba, to a duba, ko wa ke ihu a bakin ƙofa. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Tana ɗaure dami na ƙarshe ta ce, "Babanku ko goro zai bayar, sai ya juya shi ya duba."

Wallahi da ma zagina ta yi.