Amin Ɗin Ɗakin Jarrabawa

A makonsa na farko a jami'a Baba Katikis ya yi abin da har yau ake tsokanarsa da shi. Shugaban ɗaliban Katolika ya ce masa taron addu'a ƙarfe tara ne, babban ɗaki, hawa na biyu. Bai faɗa masa cewa gine-ginen uku ne ba, kuma duk kamarsu ɗaya. Katikis ya hau bene yana haki, jaka a hammata, ya tura ƙofa, sai ya tsaya cak. Ɗalibai sun fi ɗari biyu, kowa a kujerarsa, kai a sunkuye, ko tari babu mai yi. Wasu leɓɓansu na motsi. Wata yarinya a layin gaba ta rufe ido ta dafe kai da hannu bibbiyu.

Shekara talatin yana koyar da katikizim, wato darasin addinin Kirista na tambaya da amsa, a ƙananan majami'u, bai taɓa ganin natsuwa irin wannan ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ya taka zuwa gaba, ya yi alamar gicciye, ya ɗaga murya ya roƙi Ubangiji ya buɗe zukatan 'ya'yan nan, ya tuna musu abin da suka manta, kada ya bari su ji kunya. Ɗakin ya amsa da wata Amin da sai da tagogi suka girgiza. Har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar coci ba sun amsa iya ƙarfinsu.

A nan ne wata malama ta taso daga can baya, rungume da takardu.

"Baba, lafiya? Jarrabawar lissafi ake yi fa."

"Ta me?"

"Lissafi. Saura musu minti arba'in."

Katikis ya gyara jakarsa, ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Wata Amin ɗin ta raka shi har matattakala.

Mutum ne gajere mai furfura, wanda aljihun rigarsa ba ya rabo da alli. Fada, limamin cocin da ke kula da ɗalibai, shi ne ya ɗauko shi bayan katikis ɗin da ya gabace shi ya ajiye aiki, kuma bai ɓoye masa komai ba. Zango ɗaya aka ba shi. A ƙarshensa zai kawo sunayen masu shirin baftisma. In babu aji, za a mai da shi ofishin coci ya riƙa buɗe ƙofa yana rufewa. Katikis ba ya raina makulli, amma tun yana saurayi koyarwa ya sani, kuma yana ji a ransa cewa ranar da aka karɓe allin, ranar tsufa zai kama shi.

Makonnin farko mutum uku ne ke zuwa ɗan ɗakin da ke bayan coci, mai kujerun roba da fanka mai fiffike biyu. Sai sakamakon lissafi ya fito, aka ce bana an ci fiye da kullum. Alhamis ɗin da ta biyo, Katikis ya iske mutum arba'in, wasu a tsaye, wasu na leƙe ta taga. Ya yi murna, ya ɗauko alli, ya yi musu tambayar farko, wadda ɗan shekara shida ke amsawa yana wasa da ƙasa, wato wane ne ya yi mu. Wani mai gilashi ya ɗaga hannu.

"Baba, ya danganta."

"Ya danganta da me, ɗana?"

"Da ta inda aka kalli abin."

Katikis ya kalli abin ta ko'ina, bai ga inda ya danganta ba. Duk rayuwarsa shi ke tambaya yara su amsa. A nan kuwa ko ya yi tambaya, wata tambayar ake mayar masa. Ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta su, ya ce zai tambayo. Fada yakan karanta, ya sosa ƙeya, ya ce shi ma zai duba.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ƙarshen aji. Da zarar ya rufe littafi sai a yi layi. Wannan ta miƙo biro a sa masa albarka, wancan ya miƙo katin shiga jarrabawa. Wani ya taɓa kawo masa na'urar lissafi. In babu jarrabawa a gaba, kujerun sai su koma shan iska. Mutum biyu ne kawai ba sa fashi. Akwai Dogo, ɗalibin injiniya, wanda ke zama a baya bai taɓa cewa uffan ba. Akwai kuma wata da ake kira Likita, wadda ita ta cika rabin littafin tambayoyin, kuma kullum takan ce ba ta gamsu ba, amma kullum ita ke fara zuwa ta jera kujeru.

Ranar kai sunaye da safe ya zauna a falo da takarda a cinya. Matarsa na kan keken ɗinki, ta dube shi ta saman gilashi.

"Baban yara, takardar nan za ta yi magana ne da kake harararta? Rubuta arba'in ɗin mana. Ba sun zo ba?"

"Sun zo, Maman yara. Wurin wa suka zo, shi ne ban sani ba."

"To kai dai ka sani. In an ba ka makullin, ka haɗa da na gidan nan, dama kullum ɓatar da naka kake yi."

Ya rubuta suna biyu. A hanya ya tsaya gindin wata bishiya ya soke na Likita, don ta ce ba ta gamsu ba. Da ya kai ƙofar ofis sai ya tuna kujerun da take jerawa, ya sake rubuta shi a ƙasa.

Fada ya karɓi takardar, ya juya bayanta ko akwai saura.

"Su ke nan, Katikis? An ce mini ɗakin ba ya ɗaukar jama'a."

"Su ke nan, Fada. Ɗayan ma ban tabbata ba. Ɗayan kuma ban taɓa jin muryarsa ba."

Ya sa hannu a aljihu ya taɓa allinsa, yana jiran maganar makulli. Fada ya jawo aljihun tebur ya fito da takardun shekarun baya, kowacce cike da sunaye gaba da baya, ya ce duk cikinsu babu wanda ya taɓa gani da idonsa. Ya ce zango mai zuwa a ci gaba ranar Alhamis, kuma zai sa a gyara fankar.

Katikis ya fito bai gane ba. An ce masa in babu aji za a cire shi, ya kawo mutum biyu, an bar shi har da gyaran fanka. Ya tambayi matarsa, ta ce ya ci abinci tukuna.

Yau shekararsa huɗu a wurin. Littafin tambayoyin ya zama uku. Malamar lissafin nan, duk inda ta hango shi sai ta ɗaga murya ta ce, "Baba, gobe akwai jarrabawa ƙarfe tara, in ajiye maka wuri?"

Shi kuwa yakan tsaya ya gyara jakarsa ya ce, "Yi dariyarki, 'yata. Shekara talatin ina roƙon mutane su ce Amin, ban taɓa jin wadda ta fito daga ciki kamar ta ran nan ba. Sai ki bari in na gane ko da Allah suke ko da takardar, zan zo in gaya miki."